Kifin bakan gizo na tafkunan Ayamaru na neman ƙarewa

Assalamu alaikum Malam Edita. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don mu ja hankalin masu ajiye kifin ado a gida da ofis kan wani jinsin kifin bakan gizo da masana ke kira Melanotaenia boesemani.

Ɗan ƙaramin kifi ne, da wuya ya wuce santimita 11. Namijin rabinsa na gaba shuɗi ne, na baya kuma ruwan lemo, kamar an raba shi da wuƙa. An raɗa masa suna a 1980 don girmama Marinus Boeseman, masanin kifi ɗan ƙasar Holan. A duk duniya gidansa na asali bai wuce tafkunan Ayamaru da 'yan ruwayen da ke kewaye da su ba, can a yammacin tsibirin Niyu Gini, ɓangaren Indunusiya. Ruwan wurin garai yake, ba zurfi sosai, ciyawa ta cika shi, kuma da yake yana kwance a kan dutsen farar ƙasa, ruwa ne mai yawan narkakkun ma'adanai wanda ma'aunin pH ɗinsa (wato ma'aunin tsamin ruwa) ya haura 7, ma'ana ba shi da tsami.

Kyansa ne ya ja masa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙiyasta ana kama maza kusan 60,000 duk wata ana fitar da su kasuwannin waje. Maza kaɗai ake nema, su ne masu launi. Ga baƙin kifaye da aka zuba a tafkunan don abinci, ga ruwan yana ja baya. Hukumar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Abin takaicin shi ne ba a ma buƙatar taɓa na tafki, don kifin yana haihuwa a tankin gilashi ba gardama. A ware tanki mai cin kamar lita 60, zafin ruwa tsakanin digiri 26 zuwa 28. A sa namiji ɗaya da mata biyu. A ɗaure tufkar zaren ulu na roba, a rataya ta cikin ruwan a madadin ciyawa. Macen tana zuba ƙwai kaɗan-kaɗan, galibi da safe, kwanaki a jere, ƙwan na maƙalewa a zaren. Bayan mako guda a ɗauke tufkar zuwa wani tankin mai ruwa iri ɗaya, in ba haka ba iyayen za su cinye. Ƙyanƙyasa kan ɗauki kwana 7 zuwa 12.

A nan ne galibi ake asara. Bakin 'ya'yan ƙanƙani ne ƙwarai, kuma a saman ruwa suke kiwo. Abincin da ya nutse ƙasa ruɓewa kawai yake, ya ɓata ruwan. Sai an niƙe abinci lilis kamar hoda, ana yayyafawa kaɗan sau uku ko huɗu a yini. Suna kuma da jinkirin girma, cikakken launi kan kai shekara bai fito ba, shi ya sa mai gaggawa yake ɗauka an cuce shi.

Kada a haɗa shi tanki ɗaya da wani jinsin kifin bakan gizo idan ana son iri. Suna barbarar juna, 'ya'yan su fito ruwa biyu, launi a dushe, ba su da amfani ga mai son adana asalin irin. Wanda zai saya ya tambayi dillali ko haihuwar tanki ce, wanda kuma ya gaji da nasa ya ba wani mai tanki, kada ya juye shi a kogi ko dam.

Wassalam.
Daga wasu masu kiwon kifin ado