Ga masu cewa "ban isa ba" a ikkilisiyoyin Kano

Malam Edita,

Ka ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwa Kirista masu sujada da Hausa a Sabon Gari da Badawa. Duk ranar da aka yi sanarwar neman malamin makarantar Lahadi ko mai ziyarar marasa lafiya, sai kowa ya sunkuyar da kai. Wannan ya ce ba shi da baki, wancan ya ce ba ya jin Turanci.

Na Turancin ba uzuri ba ne, tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Na rashin baki kuwa, Musa ya riga kowa kawo shi a Fitowa sura 4, Allah ya ce zai kasance da bakinsa, ya kuma haɗa shi da wansa Haruna. Yesu ma biyu-biyu ya aiki almajiransa, kamar yadda yake a Markus 6:7. A ganinmu nan ne ake sakaci: ana kiran mutum, a bar shi shi kaɗai.

Wanda ya ji kira ya faɗa wa fasto ko wani dattijo, mace kuma ta sami shugabar zumuntar mata, a haɗa shi da wanda ya daɗe a aikin. Ya karanta Markus, sura ɗaya a rana, surori 16 ne kacal, yana rubuta abin da ya shige masa duhu, su zauna a kai sau ɗaya a mako. Watan farko kallo zai yi a aji. Sannan a ba shi minti 5 ya koya wa yara ayar haddacewa. Sai wata na 3 zai riƙe darasi guda, malamin yana zaune a baya, gyara kuma sai an tashi, ba a gaban yara ba.

Gaggawa ce ke ɓata aikin. Da an ga sabon tuba da ƙwazo sai a miƙa masa wa'azin Lahadi. In ya daburce, kunya ta kore shi. In ya burge, girman kai ya shiga, abin da 1 Timoti 3:6 ya ja kunne a kai ke nan.

Dattawa kuma su riƙa tambaya a keɓe. Wani in ya ce bai isa ba, tsoro ne. Wani kuwa gaba ce tsakaninsa da ɗan'uwa, ko bashin da ya ƙi biya a kasuwa; shi sulhu za a fara yi masa kafin a ba shi aji.

Wasu malaman makarantar Lahadi,
Sabon Gari, Kano.