A Rage Cike Gurbi, A Bar Yara Su Yi Tunani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malamai kan takardun aikin da muke raba wa ɗalibai, waɗanda a ajujuwa da yawa suka koma su ne darasin ɗungurungum.

Kwanan baya na duba aikin wata ɗalibata mai ƙwazo. Tambayar tarihi ce, a cike gurbi: shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu. Ta rubuta 1939, na ba ta makinta. Da na tambaye ta da baki me ya faru a shekarar, sai ta sunkuyar da kai tana murza biro. Ba ta taɓa jin cewa Jamus ce ta afka wa Foland ranar 1 ga Satumba ba, balle ta san abin da ya sa Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙin bayan kwana biyu. Abin ya tsaya mini a rai, domin yarinyar ba ta da laifi. Abin da aka nema ta bayar.

Haka zancen yake a nahawu. Yaro zai ja layi ƙarƙashin suna da aikatau a jimla ashirin ba kuskure ko ɗaya, amma ka ce ya rubuta wa kakarsa wasiƙa, sai ka ga "baki" a inda yake nufin "baƙi". A darasin zane ma an kai ga yaro ya zaɓi amsar cewa shuɗi da rawaya na ba da kore, alhali bai taɓa cuɗa launukan da hannunsa ya ga koren ya fito ba. Adabi kuwa ya fi ba ni tausayi: a ba yaro taƙaitaccen labari da sunan tauraro, littafin kansa yana kwance cikin kabad.

Wannan cuta ba yau ta fara ba. Tun a 1377 masanin tarihi Ibn Khaldun ya yi kashedi a cikin littafinsa Muƙaddima cewa yawan taƙaita ilimi yana cutar da mai koyo, ya ce a bi da ɗalibi sannu a hankali, a maimaita masa fanni har sau uku, kowane zagaye ya fi na baya zurfi.

Na san uzurinmu. Aji ya cika maƙil, lokaci ba ya isa, kuma cike gurbi ya fi sauƙin dubawa. Ban ce a jefar da takardun ba. Suna da amfani wajen bita. Amma a zangon da ya wuce na ɗauki waƙa guda muka yi mako a kanta. Muka rera ta, muka tsamo aikatau daga baitocinta, muka bi sawun zamanin da aka yi ta, ranar ƙarshe kowa ya zana abin da ya gani a zuciyarsa. Wani yaro da ba ya buɗe baki a aji ya tashi ya yi minti biyar yana bayanin zanensa.

Roƙona ga masu tsara waɗannan takardu da shugabannin makarantu shi ne a bar rabin shafi fili a ƙasan kowace takarda, da tambaya guda mai farawa da "me ya sa", a kuma ba malami lokacin karanta amsoshin.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin makaranta