A Koya Wa Ɗalibai Lissafin Maki Kafin Su Ɗaura Noti

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, muna roƙon fili mu ja hankalin malaman da ke shirya ɗalibai don gasar mutum-mutumi. Ɗalibai kan kwashe watanni suna ƙera na'urar da za ta iya komai, su bar abin da ke kawo nasara, wato lissafin maki da fahimtar juna da abokin ƙawance.

Mu ɗauki gasar VEX V5. Filin wasan ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, ƙungiyoyi biyu a ɓangaren ja, biyu a ɓangaren shuɗi. Daƙiƙa 15 na farko na'ura ce ke tafiyar da kanta bisa umarnin da aka rubuta mata, sannan direba ya karɓa na minti 1 da daƙiƙa 45. A zagayen share fage ba kai ke zaɓar abokinka ba, jadawali ne ke haɗa ku, kuma wanda kuka yi tarayya da shi da safe yana iya zama abokin karawarka da la'asar.

A kakar 2024 zuwa 2025, a wasan da aka kira High Stakes, ana zura zobba ne a kan turaku. Zobe ɗaya maki 1, na saman turke maki 3. Turke mai ɗaukuwa yana cin zobe 6, don haka cikakke maki 8 ne. In aka ja shi zuwa kusurwar ninki ya zama 16, in kuma abokan karawa suka jefa shi kusurwar ragi sai makin ya koma bashi. Hawa tsani a ƙarshe kuwa, matakin farko maki 3 ne kacal. To a duba: direban da ya bar kusurwarsa ba mai gadi don ya je ya hau tsani ya sami 3, yana iya asarar 8 ko fiye. Wannan lissafi a takarda ake yin sa tun makon farko, a raba makin kowane aiki da daƙiƙoƙin da yake ci, a gina na'urar a kan aiki biyu da suka fi riba. Sauran a bar wa aboki.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne makin jeri, wato makin da ake jera ƙungiyoyi da shi a zagayen share fage. Nasara tana ba da 2, kunnen doki 1, akwai kuma ƙarin 1 ga ƙawancen da ya cika sharuɗɗa a daƙiƙa 15 ɗin farko. A waccan kakar, cikin sharuɗɗan har da cewa na'urorin biyu duk su bar layin farawa, ɗaya ta taɓa tsani. Ke nan ko naka ya zura zobban da ake bukata, in na abokinka ya tsaya cak, makin ya tafi. Maganin ba wuya: a je teburinsu tun saura wasa uku, a tambaye su me na'urarsu ke yi, in ba su da komai a taimaka musu su rubuta umarnin tafiya gaba na daƙiƙa ɗaya. A kuma yarje wa ke hagu wa ke dama, domin na'urori biyu da suka nufi turke ɗaya karo za su yi, kuma in ɗaya ta tsallake layin tsakiya, ladan da ake ba ƙawancen da ya fi maki a daƙiƙa 15 ɗin farko, wanda maki 6 ne a waccan kakar, ya koma ga abokan karawa. Shi ya sa ya kamata kowace ƙungiya ta zo da umarni na kowane gefe, ba ɗaya tilo ba.

Sai batun injina, wanda ya shafe mu sosai saboda zafi. A waccan kakar ƙa'ida ta kayyade wat 88, wato injina 8 masu wat 11. Injin V5 yana rage ƙarfinsa da kansa in ya kai digiri 55 na zafi. Ƙungiyar da aka ba aikin tare hanya da ture-ture, in ta sa giya mai shuɗi mai juyi 600 a minti kai tsaye a kan manyan tayoyi, kafin rabin wasa za ta fara ja da ƙyar. Mai kore, juyi 200, ta fi dacewa da turi. A huta da na'ura tsakanin wasanni, a sa mata fanka, a canza batir.

A ware ɗalibai biyu su zauna a gefen fili da takarda, suna rubuta zobe nawa kowace ƙungiya ta zura, ko umarninta na farko ya yi aiki, ko ta mutu a tsakiyar wasa. Lokacin zaɓen abokan zagayen ƙarshe wannan takarda ta fi allon jeri gaskiya, tunda akwai mai hawa sama albarkacin abokan da ya dace da su. A zaɓi wanda ke cike giɓinka: in kai gwanin zura zobe ne, nemi mai riƙe kusurwa. A kuma gargaɗi kyaftin cewa ƙungiyar da ta ƙi amsa gayyata, ba wanda zai sake gayyatar ta, sai dai ita ta zaɓi wasu in matsayinta ya kai.

Naku,
Wasu malaman fasaha masu horar da ɗalibai