Na samu kamfan gwanjo a akwatin Ummata, Yayana ya ce ni na jawo

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a? Don girman Allah ki sakaya sunana, 'yan gidanmu suna bibiyar wannan fili.

Ƙarfe uku na dare nake rubuto miki daga Manchesta, ban runtsa ba. Shekaranjiya na ɗaga wa mahaifiyata murya, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo, kuma wai a kan kamfai. Rubuta kalmar ma nauyi take yi min, amma in ban faɗa miki yadda abin yake ba, ban san wace shawara za ki ba ni ba.

Umma ta zo ne wankan jegona. Na haihu a watan Satumba, muka nemo mata bizar ziyara ta wata shida, ni da maigidana muka biya komai, har kuɗin jirgi daga Kano, babu wanda ya ba mu ko sisi a cikin 'yan'uwana. Ina faɗar haka ne saboda maganar da Yayana ya yaɓa min, zan zo kanta.

Bari in yi miki bayanin shagunan nan tukuna. A Ingila kusan kowane titin kasuwa akwai shagunan ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam da British Heart Foundation da Age UK. Mutane su kai kayan da suka gama da su kyauta, a sayar da araha, kuɗin ya tafi aikin taimako. Mafi yawan abin da bai sayu ba dillalai ke kwashewa su ɗaure dila-dila, irinsa ne ke biyowa ta Kwatano ya ƙare a Ƙofar Wambai. Gwanjo ne dai, sai dai an rataye shi a tsare. Ni na fara kai Umma, in saya mata rigar sanyi a fam 6, don sabuwa ta fi ƙarfina a lokacin. Ban ga laifina a nan ba, kowa yana shiga, har masu kuɗinsu. Daga baya ta riƙa zuwa ita kaɗai, tafiyar minti biyar ce daga gida, na ce ai gara ta miƙe ƙafa da zaman ɗaki.

Anti, da kin san Umma da ba za ki yarda da abin da zan faɗa ba. Shekara da shekaru tana sarin atamfa a Kantin Kwari tana sayarwa a gida. Gwanjo kuwa kayan matattu take ce masa. Ina aji uku a sakandare na sayo shimi ta gwanjo da kuɗin tarana, ta ɗauke ta da tsinken itace ta jefa a murhu, ta ce abin da ya taɓa tsiraicin wani ba ya kwana a gidanta. Nata kayan na ciki ban taɓa ganin su a igiya ba, sai ta lulluɓe su da zani take shanyawa.

Shekaranjiya na shiga ɗakinta neman katin rigakafin jaririya, na ji wani wari ya cakuɗu da turaren wuta. Na jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Kamfai ne guda 23, na ƙirga, da rigunan nono guda biyar. Wasu na maza ne, biyu na ƙananan yara, wasu ko wanki ba su gani ba. Ta ninke su tsaf, gefe da gefe, kamar yadda take ninke atamfar sayarwa, ta turara su. Da na tambaye ta, sai ta yi murmushi ta ce in rufe kar maigidana ya gani, kayan lefen Yaya take haɗawa. Yayan da babban ɗansa yake aji biyar a sakandare. Nan na ga bakin wani jan kamfai ya leƙo ta saman zaninta, ba nata ba ne, ni nake mata wanki. A nan ne na fita hayyacina. Na ce Umma wace irin ƙazanta ce wannan, so kike ki kunyata mu a ƙasar mutane? Ta kalle ni kamar yarinyar da aka mara, ta zauna a bakin gado ta riƙe gefen akwatin, ta ce, “Ki yi haƙuri Hajiya.” Hajiya mahaifiyarta ce, ta rasu ban shiga firamare ba.

Jiya na tafi shagon da niyyar faɗa, in ji dalilin da za su sayar wa tsohuwa irin wannan. Matar da ke wurin ta ce su ba sa sayar da kamfan da aka taɓa sawa, sai sabo mai takardarsa a jiki, rigar nono ce kawai suke ratayewa in tana da kyau. Ashe ledojin da mutane ke ajiyewa a bakin ƙofa kafin a buɗe shago, su Umma take kwancewa ta tsinta da sassafe. Ta ce sun gan ta a kyamara ya fi sau huɗu, kuma a dokarsu ɗaukar kayan nan sata ne, amma ba su kira 'yan sanda ba. Ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa, amma a gaban wasu mata biyu ta faɗa, kuma in har tausayin ne, me ya hana ta biyo Umma gida tun ranar farko? Sai da zan fita ta tambaye ni ko likita ya taɓa duba ƙwaƙwalwar mahaifiyata.

Abin da ya fi ci min rai, aikina ke nan. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, na san cutar mantuwa, wadda a gida ake cewa gigin tsufa. A horon da aka yi mana an koya mana cewa nau'inta da ake kira Alzheimer ne ya fi yawa, kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma akwai wani nau'i da ke kama gaban ƙwaƙwalwa, wanda ba da mantuwa yake farawa ba, kunya da kamun kai yake fara cirewa, mutum ya riƙa tara tarkace, kuma yakan kama 'yan shekara 45 zuwa 65. Umma 63 take. Na ga alamu na kau da kai. Ta zuba gishiri sau biyu a kunun kanwa. Ta sallaci Magariba ta sake tashi ta tayar da ita, na ce ai ruɗewar lokaci ce, don a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi a nan. Ta ce maigidana ya ɗauke mata kuɗi, muka same su a firiza cikin ledar kuɓewa. Amma Anti ki yi min adalci, ga jego, ga jaririya mai kukan dare, ga ƙaramin yaro, wa zai haɗa duk wannan a kansa?

Na kira Yaya da daddare ina kuka. Bai bari na kai aya ba. Ya ce lafiya ƙalau ya sa ta a jirgi, ni na mayar da ita 'yar raino na kulle ta a ƙasar da ba rana ba dangi. Ya ce in kuskura in kai ta wurin likitan mahaukata a rubuta wa uwarsa hauka, ba shi ba ni. Wai sammu ne ko iska, a dawo da ita a yi mata ruƙiyya. Ni ban ƙi ruƙiyya ba, ni ma ina yi mata tofi. Na ce masa ai Alƙur'ani da kansa ya ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani, a Suratun Nahli, sai ya ce in daina yi masa wa'azi. Bayan ya kashe waya ƙanwata ta turo min saƙon murya, ta ce bara Umma ta ɓata a hanyar dawowa daga gidan suna, a unguwar da ta yi shekara 40, mai shayi ne ya rako ta gida. Matar Yaya ta sani, shi ma ya sani, suka yi gum har aka gama maganar biza. Sauke nauyi suka yi, yanzu kuma ni ce mai laifi.

Na manta ban faɗa miki ba, tana da ciwon suga, kuma Baba ya rasu shekara biyu ke nan. Na san suga in ya rikice, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin sinadarin B12, suna iya ruɗa tsoho, kuma waɗannan ana maganinsu. Ganin likitan unguwa kyauta ne ko ga baƙo, amma in ya tura ta asibitin ƙwararru, mai bizar ziyara kuɗin aikin yake biya da ƙarin rabinsa, kuma bashin asibiti da ya kai fam 500 yana iya sa a hana ta biza nan gaba. Ba mu da wannan kuɗin. Bizarta saura sati bakwai, ni kuma hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, aikin dare na awa 12 zan koma.

To Anti, in kai ta likita a ɓoye in ce awon suga za mu je, ko hakan yaudarar uwa ce? In na mayar da ita Kano, hannun mutanen da suka ɓoye min ciwonta zan damƙa ta, na san ba za su kai ta ko asibitin Malam Aminu Kano ba. Maigidana bai san komai ba har yanzu, na ce masa kaina ke ciwo, ban san ta yadda zan buɗe baki in faɗa masa irin wannan magana a kan uwata ba, yana surukinta. Akwatin ma ban sake taɓa shi ba, in na zubar za ta nema.

Ɗazu bayan Isha'i na durƙusa a gabanta na ce Umma ki yafe min abin da na faɗa miki. Ta shafa kaina ta ce me kika yi min, 'yar albarka? Ba ta tuna ba. Don Allah ki tambayar min malamai, yafiyar wanda ya manta laifin da aka yi masa tana karɓuwa kuwa?

Taki,
Mai jego daga Manchesta