Na'urar zanen yatsa da hannun masu aikin ƙarfi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Labaran yadda gwamnatoci ke tantance jama'a da zanen yatsa sun faranta min rai, sai dai ana manta wani abu. Layukan fatar yatsa na'urar take karantawa, kuma siminti, aikin gona da tsufa suna cinye su. Busasshiyar fata ma ba ta kamuwa sosai.

Ma'aikaci ya riƙa goge gilashin bayan kowane mutum. Mai yatsa ya ɗan shafa shi a goshi don ya sami danshi, kada kuma ya danna da ƙarfi, layukan haɗewa suke yi. A ɗauki yatsu 10, ba 2 ba. Wanda nasa suka shafe gaba ɗaya, a ɗauki hoton idanunsa, yadda Indiya ke yi a tsarinta na ba jama'a lambar shaida, wato Aadhaar.

Naku,
Mai karatu