Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Tace Finafinai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, na ɗauki alƙalami ne a kan wani nau'in fim da na san yana ba ma'aikatanka ciwon kai: barkwancin da aka gina kan laifi, inda miji ke cin amanar mata, mata ke ha'intar miji, a ƙulla makirci, wani lokaci har a yi kisa, 'yan kallo kuma na ta tuntsira dariya. Abin da ke fara faɗo wa mai tacewa a rai shi ne almakashi. Roƙona, kafin a sa shi, a fara duba wa ake yi wa dariyar.

Bari in kawo misali da fim ɗin Italiya na 1961, Divorzio all'italiana, wanda Pietro Germi ya ba da umarni. Marcello Mastroianni ya fito a matsayin wani basaraken tsibirin Sisili da dukiya ta ƙare masa, sai suna da tsohon gida. Ya gaji da matarsa, ransa ya biya da wata yarinya 'yar'uwarsa. A lokacin babu saki a dokar ƙasar. Amma sashe na 587 na kundin laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 7 kacal ga wanda ya kama matarsa da kwarto ya kashe ta cikin fushi. Sai gogan naka ya buga lissafi: kisa ya fi saki araha. Da kansa ya jawo tsohon saurayin matar cikin gida da sunan gyaran zanen bango, ya ɓoye na'urar ɗaukar murya, ya koma ɗaki ya kasa kunne, yana Allah-Allah matarsa ta ci amanarsa. Ya kashe ta, ya yi ɗan zaman kurkukunsa, ya fito ya auri yarinyar. A fitowar ƙarshe suna cikin kwale-kwale, tana rungume da shi, ƙafarta kuwa tana can tana shafar ƙafar matuƙi.

In da jerin haramtattu za a bi, wannan fim ba zai kai labari ba: ga zina, ga yaudara, ga kisa, ga mai kisan ya sha da sauƙi. Amma duk wanda ya kalla ya san ba marigayiyar ake yi wa dariya ba. Dokar ake yi wa, da mutanen garin da suka dinga zuga shi ya je ya wanke mutuncinsa da jini. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta rubutun labari. Italiya ta halatta saki a 1970, ta soke sashen nan a 1981. Ban ce fim ne ya yi wannan aikin ba, sai dai abin da jama'a suka riga suka mayar abin dariya yana da wuyar karewa a majalisa.

Amurka ta gwada hanyar almakashi. Ƙa'idojin tace finafinai da ake kira Hays, da aka tsananta aiki da su daga 1934, sun hana a nuna cin amanar aure a matsayin abin sha'awa, sun kuma wajabta mai laifi ya girbi abin da ya shuka. Sai marubuta suka koyi dabara: a shafe awa ɗaya da rabi ana ƙawata ɓarna, a liƙa hukunci a mintunan ƙarshe don mai tacewa ya sa hannu. A 1968 aka yi watsi da tsarin, aka koma rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo.

Ba wai ina cewa kowane fim a sake shi ba ne, ranka ya daɗe. Akwai wanda matar da aka cuta ita ce abin dariya, mayaudarin kuma gwarzo, har yaro ya tashi daga kallo yana kwaikwayon takunsa. Wannan ni ma ba na son a kunna shi a gaban 'ya'yana, kuma shi ne ya kamata a kira marubucinsa a zauna da shi.

Abin da nake nema bai da yawa. A sa wa irin waɗannan finafinai alamar shekara 18 ɓaro-ɓaro a jikin fosta da farkon fim. In kuma yankan ya zama dole, a ba mai fim dalili a rubuce, fitowa bayan fitowa, a ba shi damar ya zo ya kare kansa kafin a taɓa aikinsa.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mai sha'awar fim