Zuwa Ga Edita: Maimakon Gudun 'Yan Soshiyal, Mu Ma Mu Shiga Cikinsu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari, Allah ya taimaka. Ni 'yar'uwarku ce mai karanta jaridarku a waya daga wani gari a arewacin Ingila, shekarata 11 a nan, kuma ina roƙon a ba ni ɗan fili saboda na san akwai 'yan'uwanmu da yawa a wannan ƙasa da ke bibiyarku, maganar nan tasu ce.

Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp na matanmu a nan ya san yadda ake jin kalmar "soshiyal". Da an ambace ta gaban kowa ya faɗi. Ki yi hankali fa kar soshiyal su ɗauke miki yara, an ce wance ma an kwashe nata, haka ake ta yi, har yaran sun gane sun fara yi wa iyaye barazana da ita. To Malam Edita ni yanzu haka ina shekara ta biyu a karatun zama ɗaya daga cikin waɗannan 'yan soshiyal ɗin, wato ma'aikatan jin daɗin jama'a, kuma ba kunya nake faɗa ba, so nake ma wasu su biyo ni.

Abin da ya fara sa min wannan tunani wata maƙwabciyata ce, shekarun baya. 'Yarta ta fari ta je makaranta ta ce wa malama mamanta ta ce za ta kashe ta idan ta dawo gida. Kai da ni mun san wannan magana, wace uwa ce a cikinmu ba ta taɓa cewa yau sai na kashe ki ba don yarinya ta fasa kwano? Amma malamar dole ne ta kai rahoto, aikinta ke nan. Aka turo ma'aikaciya, baiwar Allah mai kirki kuwa, sai dai ba ta san mu ba. Ta lura uwar ba ta kiran sunan yarinyar ko sau ɗaya, sai dai ta ce "waccan" ko "yarinyar nan", ba ta jawo ta jiki, yarinyar kuma duk lokacin da babba ke mata magana sai ta sunkuyar da kai. Ita a wurinta ga uwa mai sanyin zuciya ga yarinya mai tsoro. Ni da na zo taya ta fassara na yi ta bayani cewa wannan alkunya ce ta 'yar fari, sunkuyar da kai kuma ladabi ne, haka aka tarbiyyantar da mu, wanda ya zuba wa babba ido shi ne marar kunya. Alhamdulillahi an rufe maganar bayan 'yan makonni ba a ɗauki kowa ba, amma wallahi matar nan ta rame, ko barci ba ta yi. Tun ranar nake cewa a raina da a ce wadda ta ƙwanƙwasa ƙofar nan ta san mene ne ɗan fari, da rabin wahalar nan ba a sha ta ba.

Matsalar ita ce ni lokacin ina aikin kula da tsofaffi, aikin dare, ga yara uku ga haya, ina zan iya ajiye aiki in koma jami'a shekara 3? Kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam 9,000 a shekara. Za a ce ai akwai bashin ɗalibai, e akwai, amma da ruwa a kansa, kuma ni da maigidana mun yi magana mun ga zuciyarmu ba ta kwanta da shi ba. Tun 2013 David Cameron, lokacin yana firaminista, ya yi alƙawari a wani taron tattalin arzikin Musulunci a Landan cewa za a samar wa Musulmi hanyar da babu riba, aka yi ta jira shekara da shekaru. Na san 'yan mata masu ƙwaƙwalwa da suka haƙura da jami'a saboda wannan kawai.

Sai Allah ya kawo wannan hanya ta koyon aiki a bakin aiki har a kai ga digiri, aprentis kamar yadda suke cewa. Idan zan kwatanta maka, kamar yaron shago ne a wurin ubangidansa, yana aiki yana koyo ana ba shi na kashewa, illa dai nan albashi ne cikakke a rubuce, kuma a ƙarshe jami'a ce za ta ba ka digiri irin wanda ɗan aji ya samu, babu bambanci. Asalin kuɗin daga wani haraji ne da aka fara karɓa a watan Afrilu na 2017, duk ma'aikatar da jimillar albashin da take biya ya wuce fam miliyan 3 a shekara tana zuba kashi 0.5 cikin 100, kuma ba ta da hanyar cin moriyar kuɗin sai ta horar da ma'aikata da su. Ƙananan hukumomi, kansul ɗin nan da muke cewa, suna cikin masu biya, kuma su ne suka fi kowa ƙishirwar ma'aikatan soshiyal, to ka ga ai faɗuwa ta zo daidai da zama. A ƙarshen 2018 aka amince da tsarin na wannan fanni, 2019 rukunin farko suka fara. Jami'o'i da dama na yi, har da Open University ga wanda karatun nesa ya fi masa sauƙi. Ni ko kobo ban biya ba, kuma ba a bi na bashi.

Amma fa kar wani ya ɗauka fom kawai zai cike a kira shi. Yawancin guraben na ma'aikatan cikin gida ne, waɗanda kansul ta riga ta sani. Ni sai da na bar gidan tsofaffi na nemi aikin mai tallafa wa iyalai a kansul, albashin bai ma kai abin da nake samu da obataya ba, na yi shekara 2 a nan ina zuwa gidajen mutane ina taya iyaye mata tsara kai yara makaranta da cike takardu, sannan aka buɗe gurbi na nema. Karon farko ban samu ba, na yi kuka sosai, manajata ta zaunar da ni ta nuna min inda na gaza a intabiyu, na biyu Allah ya yi. Sun nemi shaidar Turanci da lissafi daidai da GCSE, wato jarrabawar sakandare ta nan, suka yi binciken DBS mai zurfi don a tabbatar ba ka da wani tabo da zai hana ka kusantar yara ko marasa ƙarfi, jami'ar ma ta yi nata gwajin na rubutu. Sannan akwai maganar takardun zama, wadda ita ce ta fi shafar mutanenmu: galibi ana so ka yi shekara 3 kana zaune a ƙasar, kuma izinin zamanka ya kai har ƙarshen karatun. Don haka 'yan'uwa da suka shigo kwanan nan da bizar aikin kula da tsofaffi su tambaya da kyau kafin su sa rai, kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka gurbin aprentis ɓarawo ne, ba a sayar da shi. Wannan duk tsarin Ingila nake faɗa, Sikotlan da Wales kowa da nasa.

Yadda mako yake tafiya, kwana huɗu ina ofis ko ina zagayen gidaje, kwana ɗaya na karatu. A takarda ke nan. A zahiri kuwa ranar karatun ma waya na iya ƙara a ce wani yaro bai je makaranta ba kwana uku, kuma rubutun da jami'a ke nema ba ya ƙarewa a rana ɗaya, sai bayan isha'i in yara sun kwanta in buɗe kwamfuta har ƙarfe ɗaya, azumin bara da littafi a gefen farantin sahur na yi shi. Akwai kuma zaman gwaji na watanni da ake tura ka wani sashe daban da naka, ni da na saba da yara aka kai ni ɓangaren manya, masu cutar mantuwa da masu taɓin hankali, inda na fara sanin dokar kula da manya ta 2014 da ta 2005 mai magana a kan ko mutum yana da hankalin yanke wa kansa shawara. Wata gogaggiyar ma'aikaciya tana bin ka tana kallon yadda kake magana da mutane tana rubutawa. In ka gama sai ka yi rajista da Social Work England, hukumar da ta karɓi ragamar sa ido a Disambar 2019, don a nan laifi ne ka kira kanka soshiyal woka ba ka cikin rajista, sannan shekarar farko ta aiki ma a ƙarƙashin kulawa kake yin ta. Ba don maigidana na ɗauko yara daga makaranta yana dafa musu taliya ba da tuni na ajiye, Allah ya saka masa da alheri.

Yanzu bari in faɗi abin da karatun ya koya min wanda na so a ce na sani tun ranar maƙwabciyata. Ma'aikacin soshiyal ba shi da ikon ya shigo gidanki ya ɗauki yaro don ya ga dama. A ƙarƙashin dokar yara ta 1989 sai dai kotu ta ba da oda, ko 'yan sanda su ɗauke shi na gaggawa wanda ba ya wuce awa 72, ko kuma ke da kanki ki amince. Shi ya sa nake roƙon mata kar ki sa hannu a takardar da ba ki gane ba, ki nemi tafinta, ki nemi lauya, haƙƙinki ne, kuma idan kansul ta kai maganar ɗaukar yaro kotu lauyan iyaye kyauta ne. Yawancin aikin da muke yi ma taimako ne, neman gida, kayan yaron da ke da naƙasa, matar da miji ke duka ba ta san inda za ta ba. Amma ɓoye-ɓoye da ƙin buɗe ƙofa da koya wa yaro ƙarya, su ne ke mayar da ƙaramar magana babba.

Sai maganar riƙo, wadda kusan babu wanda na taɓa ji ya sani a cikinmu. A gida ka ɗauki ɗan aminiyarka ko jikan ƙanin kakanka ka riƙe, lada ne, ba mai tambayarka. A nan idan yaro bai kai shekara 16 ba ya zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, dole a sanar da kansul. Na kusa kuma a dokarsu kaka ne, ko wa ko ya, ko kawu da baffa da gwaggo da inna, na jini ko ta hanyar aure, ko mijin uwa da matar uba. Ɗan baffanka ma ba ya ciki. Da farko abin ya ba ni haushi, na ce su waye za su tsara mana zumunci. Sai da aka koya mana labarin Victoria Climbié a aji, yarinya 'yar shekara 8 daga Kodebuwa da iyayenta suka ba wata 'yar'uwar kakanta riƙo don ta samu ilimi a Turai, ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 da raunuka 128 a jikinta, bayan ta bi ta hannun asibitoci da 'yan sanda da ma'aikatan soshiyal duk ba a cece ta ba. Binciken da gwamnati ta sa Lord Laming ya yi kan mutuwarta, wanda ya fito a 2003, ya nuna har da yadda aka ga yarinyar tana ƙamewa a gaban mai riƙonta aka ɗauka ai ladabin 'ya'yan Afirka ne. Ranar ban iya cin abinci ba. Ni da na shigo aikin nan don in kare al'adarmu daga masu yi mata mummunar fahimta, sai ga shi an nuna min inda aka fake da al'adar aka bar yarinya ta mutu. Mu ma mun san 'yar riƙon da ake tasa tun asuba tana wanke-wanke 'ya'yan gida na barci, mun san dukan da ya wuce horo, wayar caja da belt har jiki ya fashe, wannan ko a Kano ba tarbiyya ba ce. Wanda ya fito daga cikinmu shi zai iya bambance sunkuyar da kan ladabi da na tsoro, kuma shi zai iya kallon uwa ya gaya mata da harshenta cewa Hajiya wannan kam ba daidai ba ne, ta ji ba ta ce ai Bature ne ba ya son mu ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai masu ja baya da ni a wurin suna da biki tunda suka ji inda nake aiki, hira na tafiya in na zauna sai a yi shiru. Yana min ciwo. Amma su ɗin dai in takarda ta zo daga makaranta ko kansul, ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ka ji waya, Anti don Allah duba min wannan. Ina dubawa kuma, in dai ba maganar da ke hannun ofishinmu ba ce, don wannan amana ce ba na taɓa ta.

Kafin in rufe, na kan tuna gida. Muna da asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971 da kamfanoni ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashi, muna da SIWES, shirin sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa na 'yan watanni. A ofisoshin walwala na jihohi da ƙananan hukumomi da gidajen marayu akwai mata da maza da suka shekara 15 ko 20 suna sasanta ma'aurata suna karɓar jariran da aka tsinta, da difloma ko ma babu, sun san aikin fiye da kowa amma ba za su iya barin albashi su koma aji ba. Da jami'o'inmu da gwamnatocin jihohi za su zauna su ba irin waɗannan kwana ɗaya a mako da malamin da zai bi su wurin aiki, da an ga amfani.

Ga 'yan'uwa na nan kuma, musamman matasanmu da suka gama sakandare da masu aikin kula da suka samu takardun zama, ku shiga shafin ayyuka na kansul ɗin garinku ku duba ƙananan guraben sashen yara ko na manya, in an kira ku intabiyu ku tambaye su kai tsaye ko suna tura ma'aikatansu wannan digiri da kuma sau nawa a shekara. Maza ma ana nemansu sosai, a ajinmu 'yan kaɗan ne, kuma akwai uban da ba zai taɓa buɗe cikinsa ga mace ba. Ni saura min shekara ɗaya da 'yan watanni, wata mai zuwa zan fara zaman gwaji na ƙarshe a sashen kare yara, ina roƙon addu'arku.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Taku,
Wata mai karatu daga arewacin Ingila